Dutsen Taimamar Baba Ya Koma Inda Aka Ɗauko Shi

Tun da na dawo daga Togo ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a majalisar ƙofar gida a tare ni, har mai shayin bakin layinmu ya ƙi miƙo mini kofi sai na faɗa masa gaskiyar abin da ya kai ni. Wasu sun ce zinariya na je haƙa. Wata gwaggonmu kuma ta baza a dangi wai aljanu na raka gida. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Don haka ga shi a rubuce, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Sunana Habibu. Ilimin duwatsu nake koyarwa a jami'a, abin da har yau mutanen gidanmu ba su yarda aiki ba ne. Mu 'yan Dala ne, asalinmu Barebari, kakanninmu fataken goro ne masu zuwa Gwanja da jakuna. Mahaifina, wanda kowa yake kira Baba, ya doshi casa'in, kuma bai taɓa ganin nasa uban ba. Ana da cikinsa kakanmu Malam Bukar ya tafi fatauci, agana ta kama shi a hanyar dawowa, ya rasu a gindin wani dutse. Ayari ya tsorata da cutar, madugu ya ce ba zai jira ba. Ƙaninsa, Baffa Modu, shi da wani mutum ɗaya suka tsaya suka binne shi. Damina ta riga ta faɗi, hadari ya rufe sama, babu rana, shi kansa Baffa Modu zazzaɓi yana cinsa. Ya samo duwatsu biyu don ya sa a kai da ƙafa, ya yi taimama a kan ɗaya ya sallaci ɗan'uwansa, sannan ya bi ayari da gudu. Sai da ya yi nisa ya ga dutsen a hannunsa.

Da wannan dutsen ya shigo Kano. Har ya mutu abu ɗaya yake faɗa: bai sani ba ko ya fuskantar da yayansa gabas.

Dutsen bai fi kwakwa girma ba, amma in ka ɗaga shi sai ka ce biyu ne. Baƙi ne mai ratsin kore, jikinsa duk jajayen idanu kamar an yayyafa masa 'ya'yan rumman. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, ruwa ya zama ba ya yi masa daɗi, a kansa yake taimama. Gefe ɗaya har ya yi santsi saboda tafin hannu. Shekara da shekaru ina roƙon a bar ni in yanki ɗan ɓalli in kai ɗakin bincike, Baba yana cewa in na taɓa shi da guduma in nemi wani uban.

Amma gilashin ƙara girma bai hana ni sa wa ba, kuma abin da na gani ya ishe ni. Irin wannan dutsen ba a Kano yake ba, ba ma a saman ƙasa aka yi shi ba. Jajayen idanun nan, ganet muke ce musu, ba sa haɗuwa da wannan koren sai a can ƙarƙashin ƙasa, zurfin da ya fi nisan Kano zuwa Wudil in ka tsayar da hanyar ta nufi ƙasa. Kusan shekaru miliyan ɗari shida da suka wuce akwai teku tsakanin ƙasar da muke kai da wadda take yamma da mu. Tekun ya rufe, ƙasashen biyu suka yi karo, ɗaya ta hau ɗaya, manyan duwatsu suka tashi, abin da ya shige ƙarƙashi kuma zafi da matsi suka sauya masa halitta. Ruwa da iska sun cinye waɗancan duwatsun tuntuni, saura saiwarsu. Kowane jan ido a dutsen Baba yana da siririn farin zobe a kewaye, wanda ya fito lokacin da dutsen yake hawowa sama, matsi ya sassauta, ganet ɗin ya fara lalacewa daga baki. A kan tsohuwar hanyar Gwanja kuwa wuri ɗaya na sani da wannan saiwar ta fito sarari sosai: duwatsun Kabiye, a arewacin Togo.

Na taɓa yi wa Baba wannan bayanin, ya ce miliyoyin in bar wa ɗalibaina. Ashe ya riƙe sauran.

Bana da bazara ya aika Yaya Kaltume, babbar yayarmu da take jinyarsa, ta kira ni. Na same shi da dutsen a cinya. Ya ce duk sanda ya yi barcin rana sai ya ga wani dogon mutum a zaune a bakin wata gona, ya juya masa baya. Ya kira shi, ya zaga, ya yi duk abin da zai yi, ba ya ganin fuskarsa.

"Ka ce dutsen nan ya gaya maka garinsu," in ji Baba. "To kai shi gida. Ka dubo mini inda ubana yake kallo, tun ina da kunnen ji."

Na buɗe baki zan ce kabarin da ya kusa shekara casa'in a cikin gonakin mutane ba abin nema ba ne. Yaya Kaltume ta harare ni, na haɗiye maganata.

Da Ɗanlami muka tafi, ɗan Gwaggo Falmata yayar Baba, wato taubashina, shi ma jikan Malam Bukar ne. Yana kai kaya Benin da tsohuwar motarsa, kuma yana da wani Faransanci da shi kaɗai yake ganewa. Baba ya sa an naɗe dutsen a farin ƙyalle, ya kafa sharaɗi: ba a but ɗin mota ba, ba a ƙasa wajen ƙafafu ba. Don haka a cinyata ya yi tafiyar nan tun daga Kano. Kafin mu kai Zariya ƙafafuna sun mutu. Ɗanlami ya sa masa suna amaryar Malam Duwatsu, duk ramin da zai faɗa sai ya ce in riƙe ta da kyau kada ta yi yaji. Na ce masa da tuƙinsa ya kai bakinsa da tuni mun isa.

Surutunsa bai tsaya ba sai a gadar Jebba. Muna tsakiyar kogin Kwara ya rage gudu, ya ce uwarsa ta gaya masa a kwalekwale fatake suke tsallakawa, jakuna suna iyo a gefe an riƙe kawunansu. Ya ce Malam Bukar ya tsallaka ruwan nan zuwa, bai tsallaka dawowa ba. Daga nan har Ilori, inda muka kwana, babu wanda ya sake tsokanar wani.

A bodar Cikanda ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɓangaren Benin ne wani jami'i ya leƙo ta taga ya ga farin ƙunshi a cinyata, ya ce in fito da shi. Ya kwance, ya ɗaga, nauyin ya ba shi mamaki, ya kira abokin aikinsa. Suka juya shi, suka kankare jajayen idanun da farce, na tabbata sun ɗauka wani abin arziki muke fita da shi. Ni ina ta haɗa bayanin ganet da Turanci, babu mai saurarona. Ɗanlami ya ture ni gefe ya harhaɗa kalmomi uku ko huɗu na Faransancin nan nasa. Daga baya ya ce abin da ya faɗa shi ne, dutsen mamaci ne, gida za mu mayar da shi.

Mutumin nan ya ajiye dutsen a kan tebur da hannu biyu, a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ya goge tafukansa a wando, ya ja baya, ya yi mana alamar mu tafi. Ko but ɗin motar bai buɗe ba. Ni na naɗe abina, kuma ban ɓoye muku ba, yadda ya ja bayan nan ya sa na fara jin ƙunshin daban a cinyata.

Muka wuce Nikki muka isa Jugu, wadda Baba yake kira Zugu. Nan na ga abubuwan da ba na gida ba. Mata tsofaffi da 'yan mata kowa da babur ɗinta, da goyo da kaya, babu mai ko waiwayensu. Rana tana take tsaka sai a rufe shaguna a tafi cin abinci, in kana da buƙata ka jira. Mun ci sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, wato cukun Fulanin can da ake soyawa, kuma zan faɗi gaskiya ko da 'yan gidanmu za su ji haushi: ban taɓa cin sakwara irin ta ba. An kuma kawo mana wani abu baƙi wai shi wasa-wasa, na garin doya, Ɗanlami ya cinye nasa ya cinye nawa. Hausa kuwa kowa yana yi a kasuwa, sai dai in na yi tawa su yi dariya su ce ta rediyo ce.

Da muka iso bodar Togo, tun kafin mu tsaya wani ya taso daga ƙarƙashin bishiya ya ce da Hausa, ku ne masu dutsen? Na san akwai waya a duniya, na san direbobi suna da baki. Duk da haka sai da na ƙara rungume ƙunshin.

A zangon Ketawo muka sauka, gidan wani dattijo abokin cinikin Ɗanlami. Ɗaki ne mai tsabta, tabarma da katifa, ga duwatsun Kabiye a tsaye ta taga. Matarsa, Inna Fati, 'yar Kabiye ce, a kan duwatsun aka haife ta kafin ta musulunta ta auri Bahaushe. Tana daka a tsakar gida na kwance ƙyallen don in nuna wa maigidan. Sai na ji taɓaryar ta tsaya.

"Wa ya ba ku izinin sauko da wannan?" ta ce.

Muka ba ta labari. Ta ce a wurinsu ba a ɗaukar dutse daga gonar mutum, don kowanne hannun wani ne ya ajiye shi, kuma mai hannun ya san wurinsa ko yana raye ko ba ya raye. Ta ce za ta raka mu, amma ba za ta zauna kusa da ƙunshin a mota ba, kuma ba za a kwana da shi a ɗaki ɗaya da jikokinta ba.

Sai da na hau na gane maganarta. Mutanen nan a jikin dutse suke noma. Sun tsince duwatsun sun jera su katanga-katanga, hawa-hawa kamar matakala, daga gindi har ƙoli, kowace katanga tana bin kwanciyar tudun don ta tare ƙasa kada ruwa ya tafi da ita. Mu a gida manomi in ya ga dutse a gona jifa yake yi da shi. Su kuwa dutsen ne gonar. Na tsaya ina kallon dubban duwatsu, kowanne ɗan'uwan wanda nake rungume da shi, na ce a raina, Habibu, ka ɗauko abin da ya fi ƙarfinka.

Kwanaki muka yi muna yawo. Aikina na sani, shi na yi. A gefen gabas duwatsun ba su da jajayen idanu sam, ko kuwa 'yan kaɗan. Muna yin yamma suna ƙaruwa, don nan ne ɓangaren da ya fi nutsewa. Sai na riƙa ɓantarar dutse a bakin hanya, inda Inna Fati ta ce ba na kowa ba ne, ina duba girman idon da kaurin farin zoben, ina gwadawa da na Baba. Haka muka riƙa rage wurin nema. Ita kuma tana tambayar tsofaffi ko sun taɓa jin an binne baƙo. Duk inda aka kwance ƙyallen sai hira ta mutu. Babu wanda ya kore mu, an ba mu ruwa, an ba mu kujera, amma babu wanda ya yarda ya taɓa.

A wani ƙauye muka tarar da maƙera. Ban taɓa ganin irin ƙirarsu ba. Babu masaba ta ƙarfe, wani ƙaton dutse mutum yake ɗagawa da hannu biyu ya sauke a kan jan ƙarfe, uwar maƙerar ma dutse ce. Na duba, irin namu ne sak, nauyinsa da taurinsa suka sa suka zaɓe shi. Babban maƙerin ya kalli dutsen Baba daga nesa, ya ga gefen da ya yi santsi, ya tambayi Inna Fati me ake bugawa da shi. Ta ce ba a buga komai, hannu ake dorawa a yi salla. Ya nuna mana wani kwari da haɓa, ya koma aikinsa.

Hanyar kwarin mota ba ta shiga, da ƙafa muka bi. Rana ta take, zafin bazara, an share gonaki ana jiran ruwa, babu mutum ko ɗaya a waje. Sai muka fara jin wani sauti, ƙwal, ƙwal, ƙwal, siriri kamar ana kaɗa kwalabe, wani lokaci a gabanmu wani lokaci a baya. Ɗanlami ya tsaya ya kalle ni. Inna Fati ta ce ba komai ba ne, akwai duwatsun da ake jerawa a ƙasa a kaɗa su, kiɗa ne irin nasu. Ni ma na san akwai dutsen da yake amo in an buga. Amma mai kaɗawar ba mu gan shi ba, ita kuma da ta gama cewa ba komai ba ne sai ta ƙara sauri.

Azahar ta same mu a tsakiyar tudu. Ruwan da ya rage a gorarmu bai fi kurɓi biyu ba, ga Inna Fati tana haki, muka ba ta. Ɗanlami ya ce sai taimama, ya nuna ƙunshin da yatsa. Shekara hamsin ina ganin dutsen nan, na auna shi, na leƙa cikinsa da gilashi, amma ban taɓa dora masa hannu don salla ba sai ranar. Tafukana suka zauna daidai inda na Baba suka goge. Dutsen da ya yini a naɗe a cikin wannan zafin, sanyi ƙalau na ji shi.

Na ciro waya na duba alƙibla, don a cikin duwatsun nan kaina ya juye. Na daidaita, na tsaya, Ɗanlami ya tsaya a damana, na ɗaga hannu zan yi kabbara. Sai idona ya faɗa kan matakalar da take ƙasa da mu.

Duk katangun tudun nan gefe ɗaya suka bi, suna zagaye shi. Amma a tsakiyar wannan gonar akwai wani ɗan fili, tsawon mutum, da ba a share ba, busasshiyar ciyawa a tsaye a kansa, an kewaye shi da ƙananan duwatsu. Bai bi layin katanga ba, ya karkace ya yanke ta. Kuma a gicciye yake a gabana daidai, kamar yadda ake shimfiɗa gawa a gaban liman. A ƙarshensa na hannun dama, wajen kai, dutse ɗaya a kafe. A wajen ƙafa babu komai.

Ban san tsawon lokacin da hannuna ya yi a sama ba. Na ji Ɗanlami yana cewa innalillahi a hankali, shi ma ya gani. Muka yi sallar, Allah ya karɓa, don ni dai ban san abin da na karanta ba.

Inna Fati ta je ta nemo mai gonar. Tsoho ne tukuf, siriri, da sanda, ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Ya zo ya tsaya, bai kalle mu ba, dutsen da yake kan farin ƙyallen ya kalla. Ya daɗe yana magana, ita tana juya mana.

Ya ce uwarsa ce ta gani, tana amarya. Baƙi biyu suka hawo da gawa, ɗaya yana rawar sanyi. Suka ajiye, suka ƙi haƙa. Mai rawar sanyin yana ta juyawa yana kallon sama, hadari ya rufe ko'ina, yana kuka. Da ya gan ta sai ya yi da'ira da hannuwansa, ya ɗaga daga ƙasa zuwa sama, ya sake, ya sake. Ta gane fitowar rana yake tambaya. Ta kama hannun rigarsa ta juya shi, ta nuna masa wata tsaga a dutsen da yake can gaba, inda rana take ɓullowa a wannan lokacin na shekara. Sannan suka haƙa. Tsohon ya ɗaga sanda ya nuna mana tsagar. Na dora wayata a tafin hannu, kibiyar ta tsaya a cikinta.

Wannan ina da bayaninsa, kuma na yi wa Ɗanlami a wurin, wataƙila don in ji muryata. Da farkon damina rana ba ta fitowa a tsakiyar gabas, tana karkata arewa, kuma a ƙasar nan karkatar ta yi daidai da alƙibla. Da da rani ya rasu, da matar ta nuna wani wurin. Ɗanlami ya ce to wa ya jinkirta ayarin har damina? Na ce ya rufe mini baki.

Tsohon ya ce tun daga ranar ba su taɓa sa fartanya a wurin ba, ubansa ya hana, shi ma ya hana 'ya'yansa. Sun ga wajen ƙafa babu dutse, sun sha sa wani, amma ruwan farko yake gangarar da shi, har suka gaji suka bari. Na durƙusa na duba dutsen kai da gilashi. Idanun girmansu ɗaya da na Baba, zoben kaurinsa ɗaya, ratsin koren ma haka. Gudumata tana rataye a ƙuguna. Ɗanlami ya sunkuyo ya raɗa mini cewa in zan ɓantara yanzu ne, Baba ba ya nan. Wallahi na so. Duk rayuwata ta aiki ban riƙe samfurin da ya kai wannan kyau ba. Na kwance gudumar na miƙa masa, na ce ya riƙe ta nesa da ni.

A wajen ƙafa akwai ɗan gurbi a ƙasa. Na sa dutsen, gefen santsin a sama, ya zauna. Ba zan ce muku wani abin al'ajabi ba ne, kowane dutse mai wannan girman zai iya zama. Tsohon ya dora sandarsa ya tura, bai motsa ba. Muka yi wa Malam Bukar addu'a, ni da Ɗanlami, Inna Fati tana amin daga baya. Ɗanlami, mai bakin nan, kuka yake kamar yaro, ni ma ban fi shi ba.

Da za mu tafi tsohon ya faɗi wata magana gajeriya. Inna Fati ba ta juya mana ita ba. Na tambaye ta, ta ce mu sauka tukuna. Sai da muka fito daga kwarin, muka hango motar, sannan ta faɗa ba tare da ta kalle ni ba.

"Cewa ya yi yanzu wataƙila mutumin zai daina zama a bakin gonar da tsakar rana. Wai dogo ne. Tun yana yaro yake ganinsa, amma kullum bayansa."

Ban gaya wa Inna Fati mafarkin Baba ba. Ɗanlami ma ban gaya masa ba, don na san zai mayar da shi abin tsokana. Sai a lokacin kuma na lura kiɗan duwatsun ya daina, ban san tun yaushe ba.

Dawowa ba ta da labari. Cinyata babu komai, amma hannuwana suna ta komawa wurin. A boda babu wanda ya kula mu. Mun so mu kira gida, Ɗanlami ya ce irin wannan ba a faɗa ta waya, na yarda da shi.

Muka shigo Dala da la'asar. Yaya Kaltume ta samo wa Baba wani dutse daga gindin Dala, ja, mara nauyi, ta ce kullum sai ya yi mita wai wannan bai san shi ba. Na same shi a jingine, ya rame fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa zan fara gaisuwa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ina yake kallo?"

"Gabas, Baba. Na auna da waya. Ko kaɗan bai kauce ba."

Ya rufe ido. Ya daɗe leɓunansa suna motsi. Na ba shi labarin matar da ta kama hannun rigar Baffa Modu, ya ce a faɗa masa sunanta, na ce ban tambaya ba, ya ce kai dai boko bai bar maka komai ba. Ya ce to zai riƙa cewa mai nuna rana, Wanda yake roƙa ya san ta. Maganar tsohon ta ƙarshe kuwa ban gaya masa ba, ban san yadda zan fara ba.

Shi ne ya kawo ta da kansa. Ya ce kwana biyu ke nan yana barcin rana ba ya ganin kowa, gona ce kawai a share. Amma kafin nan, sau ɗaya, mutumin ya juyo. Na ce yaya fuskarsa take? Ya kalli ƙofa, inda Ɗanlami yake tsugune yana goge ido, ya ce a gaya wa wancan ya rage surutu, fuskar mutanen kirki ce a jikinsa, don irinta sak ya gani.

Na tashi zan fita ya kama bakin rigata, da irin ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"In tawa ta zo, kai za ka shiga ramin. Ka auna kamar yadda ka auna masa."

Na ce Baba, nan Kano ce, maƙabartarmu kowa ya san gabas. Ya ce shi dai ya faɗa.

Abokan aikina sun tambaye ni samfurin da na kawo, na nuna musu hoto, sun ce na yi asarar tafiya. Baba yana nan har yanzu, yana taimama a kan jan dutsen Dala yana mita. Sai dai duk ranar da na shiga gaishe shi, kafin ya amsa, sai ya tambaye ni ko wayar tana da caji.